Farin Ɗango: Tarihin Hamada a Jikin Ƙwaro

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san fara a kan faranti, soyayya da yaji, amma kaɗan ne daga yaran yau suka taɓa ganin ta rufe rana. Yawancin wadda ake soyawa farin gona ne da ke zaune tare da mu shekara da shekaru. Farin ɗango, waɗanda masana ke kira Schistocerca gregaria, su ba 'yan gida ba ne. Mazauninsu yana can arewa, a kwaruruka da filayen Azbin da Tamesna a Nijar, da arewacin Mali da Muritaniya, har zuwa ƙasar Larabawa da Indiya. Sai shekara ta yi musu kyau suke sauko mana. A 2004 sun faɗa wa gonakin Nijar a daidai lokacin da damina ta yanke da wuri, abin da ya jawo ƙarancin abincin 2005 a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Da yake hatsin da ke cike giɓin Nijar yawanci daga kasuwanninmu yake fita, irin su Dawanau, bala'in da ya sauka can ba ya rasa taɓa tukunyar Bakano.

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, wannan ƙwaro yana da kama biyu. Idan yana shi kaɗai, launinsa na ƙasa ne, yana gudun 'yan'uwansa, ba ya cutar da kowa. Idan ruwa ya sauka a hamada, ciyawa ta fito, suka hayayyafa, sa'an nan ciyawar ta soma bushewa, dole su cunkushe a ɗan abin da ya rage. Gogayyar ƙafafunsu na baya da juna takan sauya halinsu cikin sa'o'i kaɗan, su koma neman juna. A 2009 masu bincike a jami'o'in Okusfod da Kambirij suka nuna cewa sinadarin serotonin ne ke kunna wannan sauyi. Daga baya launi ma ya canja, matasa su yi ja-ja, manya su yi rawaya. Bambancin ya kai har an daɗe ana ɗaukar kamannin biyu a matsayin jinsi biyu, sai a 1921 Boris Uvarov ya warware zancen a kan wata 'yar'uwarta. Garken da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da fara miliyan 40 ko fiye, kuma a yini guda yakan ci abin da mutum 35,000 za su ci.

To, ina suke shiga idan annoba ta wuce? An daɗe ana zaton ƙarewa suke yi, sai 'yan tsiraru su saura a wasu lunguna, daga gare su kuma a sake farawa. Tabbatar da haka da ido abu ne mai wuya, domin yankin da suke fakewa ya kai murabba'in kilomita miliyan 16. Nan ne ilmin ƙwayoyin gado ya shigo.

Bari mu kwatanta da abin da muka sani. Kafin zuwan injin ɗab'i, malaman birnin nan da hannu suke kwafe littattafai. Idan mai kwafe ya tsallake harafi, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji wannan tsallake. Wanda ya tara kwafi ɗari ya gwada su, zai iya gane wanne ya fito daga wanne, har ya ƙiyasta sau nawa aka kwafa tun rabuwarsu. Haka saƙon gado yake a jikin kowace halitta: ana kwafe shi daga iyaye zuwa 'ya'ya, kuma jefi-jefi akan sami ɗan canji. Akwai wurare a cikinsa inda 'yar gajeriyar kalma ke maimaita kanta, wata fara sau 10, wata sau 14, kuma a irin waɗannan wurare canji ya fi saurin aukuwa. Su masana ke ƙirgawa. Al'umma mai yawa takan riƙe iri-iri masu yawa. Wadda ta taɓa raguwa ƙwarai kuwa takan yi asarar mafi yawansu, kamar ayarin fatake goma da ya bar Kano ya zauna a Gwanja: zuriyarsu ba za ta ɗauki kamannin dukan Kanawa ba, sai na mutum goman nan kawai.

Da wannan ma'auni Marie-Pierre Chapuis da abokan aikinta na cibiyar CIRAD a Faransa suka auna farin da ke zaman kaɗaici, suka buga sakamakon a 2014. Abin da suka samu ya saɓa wa tsohon zato. Iri-irin gadon suna da yawa ƙwarai, kuma bambancin da ke tsakanin farar wani yanki da ta wani mai nisa ɗan ƙanƙane ne. Ma'ana, ko a shekarun da ba a jin ɗuriyarsu suna nan da yawa, a warwatse, suna bin iska da ruwa suna cuɗanya. A ganina wannan ya isa ya kashe mafarkin cewa wata rana za a fesa magani a gama da su.

Labarin ya fi daɗi idan aka haɗa shi da tarihin yanayi. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin duniya, Sahara ta miƙo kudu da ɗaruruwan kilomita. Shaidar tana ƙarƙashin ƙafarmu: jerin tuddan yashin nan da ke gabas da arewa maso gabashin Kano, waɗanda muke kira jigawa, tsofaffin tuddan hamada ne da ciyawa da gonaki suka ɗaure. A. T. Grove ya yi bayaninsu tun 1958. A wancan zamani ƙasar da muke noman gero da gyaɗa ta yi kama da irin wurin da farar ɗango ke so. Daga baya al'amari ya juya. Tsakanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce Sahara ta yi kore, Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 350,000. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000, kuma zanen raƙuman dawa na nan a kan duwatsun Azbin. Sa'an nan ƙasa ta sake bushewa, gidan fara ya sake buɗewa.

Akwai wani reshe na wannan fara a kudancin Afirka, wajen Namibiya da hamadar Kalahari, wanda dazuzzuka da ƙasashen damina suka raba da namu. Mutum zai zaci rabuwar ta faru ne tun zamanin ƙanƙara, lokacin da busasshiyar ƙasa ta fi faɗi. Ƙiyasin da Chapuis da abokanta suka buga a 2020 ya nuna ba haka ba ne: kimanin shekara 2,600 ne kacal, wato wajen shekara 1,700 kafin Sarki Gijimasu ya soma ginin ganuwar Kano. A lokacin babu hamadar da ta haɗa arewa da kudu, saboda haka bayanin da ya fi dacewa shi ne wasu ne suka ƙetara ta sama. Kada mai karatu ya ga kamar tatsuniya ce. A watan Oktoba na 1988 garkunan fari sun tashi daga Afirka ta Yamma, suka ƙetare Tekun Atalantika, wajen kilomita 5,000, suka sauka a tsibiran Karibiyan. Abin lura kuma shi ne, reshen kudun nan da wuya yake yin garke. Cikin wannan ɗan lokaci, a ma'aunin halitta, hali ya riga ya bambanta.

Abin da ke tsare gonar Kano ke nan ba a Kano yake ba. Yana hannun ma'aikatan da ke shiga Tamesna da Azbin bayan kowane ruwa, suna duba danshin yashi, suna ƙirga 'ya'yan fara tun ba su yi fiffike ba, suna aika rahoto ga hukumar FAO a birnin Rum. Fara takan ninka kanta sau 20 a wata uku, sau 400 a wata shida, sau 8,000 a wata tara, don haka jinkiri kaɗan yana da tsada. Yaƙi da annobar 2003 zuwa 2005 ya ci fiye da dala miliyan 400. A 2012 rashin tsaro a arewacin Mali ya hana masu sa ido shiga wuraren da ya kamata. A 2018 kuma guguwar teku biyu, Mekunu da Luban, suka zubar da ruwa a hamadar kudancin ƙasar Larabawa inda babu mai dubawa, fara ta hayayyafa zuriya uku a ɓoye, kuma a farkon 2020 Kenya ta ga garkunan da rabonta da irinsu shekara 70.