Sassan Kwamfuta Da Aikin Kowannensu

A yau kwamfuta ta shigo rayuwar mutanen karkara. Mai neman katin ɗan ƙasa sai ya zauna a gabanta. Mai buɗe asusu a banki ma haka, tun da aka fito da lambar BVN a 2014. Tun daga 2015 kuma, da kwamfuta yara ke rubuta jarrabawar JAMB ta shiga jami'a. Saboda haka ya kamata kowa ya san sassanta.

Kwamfuta kamar injin niƙa take. Akwai inda ake zuba hatsi, da inda ake niƙawa, da inda gari yake fitowa. Ita bayani ake zuba mata. Sassanta sun kasu kashi huɗu.

Na ɗaya: masu shigar da bayani

Kibod shi ne allon da ke ɗauke da baƙaƙe da lambobi. Da shi ake buga suna da shekarun haihuwa. Linzami ɗan ƙaramin abu ne da ake turawa da hannu a kan tebur, don nuna abin da ake so. Wasu suna kiransa ɓera saboda doguwar wayarsa. Na farko da aka ƙera a Amurka a 1964 na katako ne. Kyamara tana ɗaukar hoto. Akwai kuma ɗan gilashin da ake ɗora yatsa a kai, ya ɗauki zanen yatsan mutum.

Na biyu: mai sarrafa bayani

A cikin akwatin kwamfuta akwai furosesa. Ita ce ƙwaƙwalwar. Faɗinta bai wuce kwalin ashana ba, amma ita ke yin duk lissafi. Tana yin zafi in tana aiki, shi ya sa ake sa mata fanka. Ƙura na toshe fankar, don haka ake rufe kwamfuta da ƙyalle bayan an kashe ta, musamman lokacin hunturu.

Na uku: masu ajiye bayani

Ma'ajiya iri biyu ce. Ram kamar tabarmar shanya take. A kanta ake baza aikin da ake yi yanzu. Da wuta ta ɗauke, sai abin da ke kanta ya ɓace. Had-dis kuwa rumbu ne. Abin da aka adana a ciki yana nan ko an kashe kwamfuta. Shi ya sa ma'aikaci mai hankali yake yawan adana aikinsa. Filash ɗan ƙaramin rumbu ne da ake sawa a aljihu.

Na huɗu: masu fitar da bayani

Fuskar kwamfuta, mai kama da talabijin, tana nuna abin da ake bugawa. Firinta tana fitar da shi a takarda. Sifika kuma tana fitar da murya.

Amfanin sanin wannan

Kwamfuta ba ta san sunan kowa ba. Abin da aka buga mata shi take riƙewa. Idan an zuba dawa a inji, garin gero ba zai fito ba. In ma'aikaci ya buga Habibu a madadin Habiba, haka zai shiga rumbu, haka firinta za ta fitar. Idan sunan da ke katin ɗan ƙasa ya saɓa da na banki, mutum yakan sha wahala kafin ya taɓa kuɗinsa. Gyara kuma sai an yi tafiya, an kashe kuɗi.

Don haka duk wanda ya je rajista ya wanke hannunsa, ya goge shi ya bushe. Maiƙo, datti da lalle mai yawa sukan hana gilashin karanta yatsa. Sannan ya nemi a nuna masa fuskar kwamfuta, ya karanta sunansa da kansa, baƙi bayan baƙi, kafin a adana. In bai gane ba, ya yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata.