Zuwan Benzema Al-Ittihad: Riba Aka Ci Ko Faɗuwa Aka Yi?

Duk wanda ya san zaman dare a unguwar Bani Malik da ke birnin Jidda, ya san da zarar an idar da sallar isha'i aka ɗora shayi, hirar majalisa ba ta wuce abu uku: kuɗin haya, sabunta igama, sai kuma ƙwallon ƙafa. Na ukun nan shi ya fi tayar da jijiyar wuya, domin gida ɗaya za ka tarar wa yana bayan Al-Ittihad mai riga baƙi da ruwan ɗorawa, ƙane kuma yana bayan Al-Ahli mai kore da fari. Rusau ɗin da aka yi a unguwannin Jidda a shekarar 2022 ya raba da yawa daga cikinmu da gidajen da aka haife mu a ciki, amma bai raba mu da wannan gardama ba, sai ma ta koma cikin wayar salula. Kuma babu batun da ya daɗe yana yawo a tsakaninmu kamar na Karim Benzema, wanda Al-Ittihad ta ɗauko a lokacin hutun ƙarshen kakar wasa ta 2023, ta kuma danƙa masa ragamar ƙungiyar baki ɗaya.

Idan mai karatu bai manta ba, Al-Ittihad ba a cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi take ba lokacin da aka yanke wannan shawara. A watan Mayun 2023 ne ta lashe gasar lig ta Saudiyya, karo na farko tun 2009, a ƙarƙashin koci Nuno Espirito Santo ɗan ƙasar Fotugal. Ta tara maki 72 a wasanni 30, kuma ƙwallo 13 kacal aka zura mata a raga a duk tsawon kakar. Marcelo Grohe ne a gola, Ahmed Hegazi na Masar yana riƙe da baya, Igor Coronado yana rarraba ƙwallo daga tsakiya, Romarinho yana kai-komo, sannan Abderrazak Hamdallah ɗan Maroko ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da guda 21. Ba ƙungiya ce mai ƙayatarwa sosai ba, gaskiya, amma kowa ya san aikinsa, kuma ta bar Al-Nassr ta Cristiano Ronaldo a matsayi na biyu.

Kwanaki kaɗan bayan wannan biki, ranar 5 ga Yuni, aka bayar da sanarwar cewa asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya karɓi kashi 75 cikin 100 na manyan ƙungiyoyi huɗu, wato Al-Ittihad da Al-Ahli da Al-Hilal da Al-Nassr. Washegari sai ga labarin Benzema ya sanya hannu. Mutumin da ya shekara 14 a Real Madrid, ya ci mata ƙwallo 354, ya ɗauki kofin zakarun Turai sau biyar, kuma shi ke riƙe da kyautar Ballon d'Or ta 2022. Daren da aka gabatar da shi a filin wasa na Sarki Abdallah, wanda muka fi sani da Jauhara, yaranmu da dama sun je, kuma ba su dawo ba sai da muryoyinsu suka dushe. Bayansa N'Golo Kante ya biyo daga Chelsea, Fabinho daga Liverpool, sai matashi Jota daga Celtic ta Sikotilan.

A ƙwallon Amurkawa, wadda ake ɗauka da hannu, akwai ɗan wasa guda da kowane hari ke farawa daga hannunsa, don haka idan aka yi kuskure wajen zaɓensa a lokacin hutu, to shekarar ta lalace tun ba a fara ba. Tamu ƙwallon ba ta da wannan matsayi a rubuce, amma duk ƙungiya tana da mutumin da idan wasa ya rikice sauran goman shi suke nema da ido. Mu a nan mun san wannan mutumi tun kafin a zo maganar Benzema, domin mun ga Muhammad Nur.

Muhammad Nur Hausawi, haifaffen Makka a 1978, ɗan wasan tsakiya mai riga lamba 18, shi ne mudun da dattawan majalisarmu ke auna duk wanda aka ce shi ne jagoran Al-Ittihad. Sunan Hausawi da ke bayan sunansa kaɗai ya isa ya gaya maka dalilin da ya sa muke jin sa a jika, kamar yadda muka ji Usama da Umar da Mu'utaz, Hausawi uku da Saudiyya ta tafi da su gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Amma ba don suna kawai ake tuna Nur ba. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Asiya na 2004, ƙungiyar Seongnam ta Koriya ta Kudu ta zo har Jidda ta doke Al-Ittihad da ci 3 da 1, mutane suka fita daga fili suna cewa kofi ya tafi. Da aka je Koriya sai Al-Ittihad ta lallasa su 5 da nema, Nur ya ci biyu daga ciki. Shekarar da ta biyo baya suka sake ɗaukar kofin a hannun Al-Ain ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A watan Disambar 2005 kuma, a gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi a Japan, shi ne ya ci ƙwallo ɗayan da aka fitar da Al-Ahly ta Masar da ita. Mai karatu ya riƙe wannan suna na Al-Ahly ta Masar, za mu dawo kansa.

Bambancin farko da ya kamata a lura da shi, shi ne Nur a cikin ƙungiyar ya tashi, a hankali aka gina wasan a kewayensa, har ta kai abokan wasansa sun san inda zai jefa ƙwallo kafin ya ɗaga kai. Shi kuwa Benzema, yana da shekara 35 aka sauke shi a tsakiyar ƙungiyar da aka riga aka ɗinka wa wani rigarta. Hamdallah ɗan wasan gaba ne da ba ya son barin bakin raga, kuma ba ya son a raba masa bugun fenariti. Benzema shi ma lamba tara ne, sai dai irin wanda ke saukowa tsakiya ya karɓi ƙwallo ya yi ba-ni-in-ba-ka, wato yana shiga gonar Coronado ke nan. Kante da Fabinho kuwa gwanayen ƙwace ƙwallo ne, ba masu zira wa ɗan gaba ita a tsakanin 'yan baya ba. Ga kuma tsarin Nuno na a tsare gida a jira abokin karawa ya yi kuskure, wanda bai dace da mutumin da ya saba ƙwallo tana ƙafar ƙungiyarsa ba. An sayi doki na gani na faɗa, amma ba a tambayi ko turken gidan zai ɗauke shi ba.

Alamar rashin lissafi ta fito fili a kan Jota. A lokacin doka ta ba kowace ƙungiya damar yi wa baƙi takwas rajista a gasar lig, kuma da aka ƙara ɗauko mai tsaron baya Luiz Felipe daga Real Betis sai adadin ya wuce, aka cire sunan yaron da ba a daɗe da biyan maƙudan kuɗi a kansa ba. Wannan ba laifin Benzema ba ne, amma yana nuna irin gaggawar da aka yi cinikin wannan bazara da ita.

Sakamako bai ɓata lokaci ba. Ranar 1 ga Satumbar 2023 Al-Ittihad tana gaba da ci 3 da 1 a kan Al-Hilal a nan Jidda, aka tashi 4 da 3, Aleksandar Mitrovic ya ci uku shi kaɗai. Jaridu suka yi ta ruwaito cewa ba a ga maciji tsakanin koci da kyaftin ɗinsa, kuma a farkon Nuwamba, bayan Al-Quwa Al-Jawiya ta Iraƙi ta doke su 2 da nema a gasar Asiya, aka sallami Nuno, watanni biyar da 'yan kwanaki bayan ya kawo kofi. Aka ɗauko Marcelo Gallardo ɗan Ajantina. Sai ga gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi ta zo har gida a watan Disamba. An ci Auckland City 3 da nema, sannan ranar 15 ga wata aka haɗu da Al-Ahly ta Masar, ita dai wadda Nur ya fitar shekara 18 kafin nan. Benzema ya samu fenariti ana bin su ɗaya, mai tsaron gida Muhammad El-Shenawy ya tare, aka tashi 3 da 1. Ƙwallon da ya ci a ƙarshen wasa ba ta share wa kowa hawaye ba. Kwana goma sha ɗaya bayan haka Al-Nassr ta zo Jidda ta zuba musu 5 da 2.

A wannan lokaci 'yan Al-Ahli na majalisarmu ba su bar mu mun sha shayi cikin kwanciyar hankali ba, su da shekara ɗaya kafin nan suna rukuni na biyu. An ƙare kakar Al-Ittihad tana ta biyar da maki 54, Al-Hilal kuma ta ɗauki kofi da maki 96 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, bayan ta kuma fitar da Al-Ittihad daga gasar Asiya. Benzema ƙwallo tara ya ci a lig, raunuka suna ta kwantar da shi. Da a nan aka rufe littafi, da babu mai musun cewa an yi asara, kuma mu kanmu haka muka riƙa faɗa.

To sai dai abin da hukumar ƙungiyar ta yi a hutun 2024 shi ne ya sauya lissafin, kuma a ganinmu nan ne darasin cinikin yake. Maimakon a nemi wani babban suna a ɗora a kan na farko, sai aka zauna aka tambayi me Benzema ke bukata. Hamdallah ya koma Al-Shabab, Romarinho ya tafi, Coronado dama tun farkon shekarar ya koma Corinthians ta Brazil, Jota ya nufi Faransa. Aka kawo koci Laurent Blanc, wanda ya horar da Benzema a tawagar Faransa daga 2010 zuwa 2012. Aka ɗauko Houssem Aouar daga Roma, ɗan wasan tsakiya da ya fito daga makarantar ƙwallo ta Lyon kamar Benzema, wanda kuma ya yi wasa a hannun Blanc a can. Aka sa masu gudu biyu a gefe, Moussa Diaby daga Aston Villa da Steven Bergwijn daga Ajax, sannan Predrag Rajkovic a gola. Idan Benzema ya sauko tsakiya, yanzu akwai masu rugawa su cike gurbin da ya bari, Kante da Fabinho kuma suka koma aikin da suka fi iyawa.

Mutum ɗaya, shekarunsa ma sun ƙaru, amma sai ka ce an canja shi. A kakar 2024 zuwa 2025 ya ci ƙwallo 21 a lig, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar. A watan Fabrairun 2025 Al-Ittihad ta rama wa kura aniyarta, ta doke Al-Hilal 4 da 1 a Jauhara. Ta ɗauki kofin lig da maki 83, sannan a ƙarshen Mayu ta haɗa da kofin Sarki bayan ta ci Al-Qadsiah 3 da 1, Benzema ya zura biyu. A wannan watan ne kuma Al-Ahli ta ɗauki kofin zakarun Asiya karo na farko a tarihinta, ta doke Kawasaki Frontale ta Japan 2 da nema a nan Jidda, kuma abin dariyar shi ne Roberto Firmino da aka zaɓa gwarzon gasar, ƙungiyarsa ta riga ta cire sunansa daga rajistar lig watanni kafin nan. Ashe rashin lissafin ba gidanmu kaɗai ya shiga ba.

Saboda haka idan aka ce mu yanke hukunci, ba za mu ce zaɓen Benzema kuskure ba ne. Kuskuren shi ne an sa keke a gaban doki: an ɗauko jagora kafin a yanke shawarar irin wasan da za a buga, kuma kuɗin wannan gaggawa shi ne kaka guda da ta tafi a banza, da koci biyu da aka sallama, da kunyar da aka sha a gaban duniya a filinmu. Masu cewa da an bar ƙungiyar Nuno yadda take da ta sake ɗaukar kofi, muna ganin sun manta Al-Hilal ta wannan shekara ba ta bar wa kowa hanya ba. Masu cewa kofi biyu sun wanke komai su ma sun yi sauri, domin ƙungiyar da ta lashe lig kafin zuwansa ba don lig aka kashe mata wannan dukiya ba. Kofin Asiya ake nema, wanda rabon Al-Ittihad da shi tun 2005, kuma a nan Benzema bai kai inda Nur ya kai ba.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa nunawa, wanda dattawanmu suka fi damuwa da shi. Duk gurbin da aka ba baƙo, wani yaro ne daga Makka ko Jidda ya koma benci, kuma daga irin waɗannan yara ne aka samu Nur da Hamad Al-Montashari, wanda ya zama gwarzon ɗan wasan Asiya a 2005. Masu kare tsarin suna cewa yaron da ke atisaye kullum da Kante zai koyi abin da ba zai koya a wajen kowa ba. Wannan gaskiya ne, amma lamba goma ba a atisaye ake zama shi ba, sai an ba yaro ƙwallo a babban wasa ya yi kuskure an haƙura da shi.

Daɗin kofunan ma bai daɗe ba. A watan Satumbar 2025 aka sallami Blanc bayan Al-Nassr ta ci su 2 da nema, aka kawo Sergio Conceicao. A farkon Fabrairun 2026 kuma, da maganar sabunta kwantiragi ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, Benzema ya tattara ya koma Al-Hilal ta Riyad, ƙungiyar da ɗan Al-Ittihad ya fi ƙin jinin ya ga ta yi nasara. Kante shi ma a wannan watan ya tafi Fenerbahce ta Turkiyya. Nur ma ya taɓa komawa Al-Nassr a 2013, amma shekara ɗaya ya yi ya dawo gida.