Uwargida, Hattara da Maganin Ciyawa

'Yan'uwana mata na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, in damina ta kama maigida kan shigo da maganin ciyawa. Wanda ake kira 2,4-D yakan ƙyale shinkafa da masara, ya ƙone duk mai faɗin ganye. To, kuɓewarki da yakuwarki na cikinsu, kada a fesa kusa da su, balle ranar iska.

Ki ɓoye shi nesa da yara da abinci. Kada a juye shi a kwalbar lemo, kada galan ɗinsa ya koma na ruwa. Tufafin feshi a wanke su daban. In yaro ya sha, kada a ɗura masa manja, a garzaya asibiti da kwalbar.

Ku 'yan makaranta, ku riƙa karanta wa iyayenku bayanin jikin kwalba. Rigakafi ya fi magani.