Vi: Manhajar da Haruffanta Ke Ba da Umarni

Duk ɗalibin da ya fara buɗe vi, manhajar rubutun da masu tsara manhajojin kwamfuta ke aiki da ita, yakan sha mamaki. Zai buga haruffa su ƙi fitowa a allo, wani lokacin ma ya ga layi guda na aikinsa ya ɓace. Ba lalacewa kwamfutar ta yi ba. Ita vi manyan yanayi biyu gare ta, na umarni da na rubutu, kuma da na umarni take buɗewa. Sai an danna i sannan a fara rubutu, in an gama a danna Esc a koma.

Bill Joy ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1976, yana ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. Layin wayar da ke haɗa shi da babbar kwamfuta ba ya ɗaukar fiye da haruffa 30 a daƙiƙa, don haka tilas kowane umarni ya gajarta. Na'urar da yake aiki da ita kuwa, ADM-3A, a kan h da j da k da l aka zana mata kibiyoyi. Shi ya sa har yau su ne hagu, ƙasa, sama da dama.

Kuskuren mafi yawan masu koyo shi ne haddace umarnin ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa nahawu ne da su. Harafin d aikatau ne, ma'anarsa “goge”. W kuma na nufin kalma. In an haɗa su, dw ya goge kalma ɗaya, d3w ya goge uku. Aka sa c a gurbin d, sai ya zama “canza”. Aka sa y, ya zama “kwafa”. Wanda ya san aikatau uku da hanyoyin motsi goma, umarni talatin ke nan a hannunsa ba tare da hadda ba. Ɗigo kuwa, wanda sababbi kan raina, maimaita gyaran ƙarshe yake yi. Shi kuma layin nan da ya ɓace, dd ne ya goge shi, kuma u zai dawo da shi.

A 1991 Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Vim, wadda ta faɗaɗa vi. Tana zuwa da darasi mai suna vimtutor da ake gamawa cikin kimanin rabin awa. Malamin da zai koyar da ita ya kamata ya fara da hanyar fita: a danna Esc, a buga :wq don adana aiki, ko :q! don fita ba tare da adanawa ba.