Kuɗin furojet: Uwa, kin san abin da kike biya?

Uwargida, idan kina da ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe a jami'a, kwalejin ilimi ko makarantar koyon aikin jinya, na san kin sha wannan kiran wayar: "Mama, kuɗin furojet." Wata ta sayar da akuyarta, wata ta roƙi uwar adashi ta ba ta kwasa kafin lokacinta. Muna turawa da farin ciki, domin alama ce ta karatu ya zo gangara. Sai dai ba kasafai muke tambayar me za a yi da kuɗin ba.

Furojet shi ne binciken da ɗalibi ke yi kafin a ba shi shaidar kammala karatu. Yawanci babi biyar ne. A babi na uku yake bayyana yadda zai tattara bayanai, a na huɗu kuma ya kawo alƙaluman abin da ya samo daga bakin mutane ko daga ɗakin gwaji. A wannan babi na huɗun ne ake yin algus.

Zan fara da kaina. A shekararmu ta ƙarshe, wata abokiyar karatuna ta shigo ɗakin kwananmu da daddare ɗauke da tarin takardun tambayoyi. Bincikenta a kan shayar da jarirai nonon uwa zalla ne, kuma ya kamata a ce ta je asibiti ta zauna da masu shayarwa ɗaya bayan ɗaya. Lokaci ya ƙure mata, kuɗin mota ya ƙare. Sai ta raba mana takardun da biro kala-kala don kada rubutu ya zo iri ɗaya. Tana cewa, "Ke ki zama mai 'ya'ya biyar, ke kuma haihuwar fari." Muna dariya muna cikawa. Ni kaɗai na cike kusan goma. A lokacin gani nake taimakon ƙawa na yi.

Bayan wasu shekaru, na karɓi aiki da sassafe a ɗakin masu ciki. Na duba takardar awon wata mai tsohon ciki, na ga an rubuta 120/80 tun daga dare har asuba, ba ƙari ba ragi. Amma matar na riƙe da kai, tana cewa idonta na ganin dishi-dishi. Na ɗaura mata abin awo, sai ga 170/110. Ga mai ciki, daga 140/90 an shiga hawan jini, wannan kuwa hanyar jijjiga ce, wadda kan tafi da uwa da ɗa. Muka kira likita da gaggawa, aka yi mata allura, Allah ya sa da sauran kwana. Da na tsare ɗalibar da aka bar wa awon daren, sai ta fashe da kuka. Barci ne ya ɗauke ta, da ta farka ta cike gurbin da lambar da ta san ta lafiyayye ce.

Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai takardun nan goma suka faɗo mini a rai. Abin da ta yi shi na yi: rubuta abin da ban auna ba. Bambancin kawai, ita nata ya kusa cin rai a gabanmu.

Ƙila ki ce, ai furojet ɗin ɗalibi a kabad yake ƙarewa, ƙura ta rufe shi. Sau da yawa haka ne. Amma halin da ya koya wajen rubuta shi, da shi zai fita aiki. Shi ne gobe mai gwajin jinin ɗanki, ko injiniyan da zai sa hannu cewa siminti ya isa, ko jami'in da zai rubuta cewa an yi wa yaran ƙauye rigakafi alhali bai taka ƙauyen ba.

Duniya ta ga inda irin wannan ke kaiwa. A shekarar 1998, wani likita a birnin Landan mai suna Andrew Wakefield, tare da abokan aikinsa, ya wallafa bincike a fitacciyar mujallar likitoci The Lancet. Yara 12 kacal ya duba, amma ya jefa zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela tana da alaƙa da lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amalar yaro. Iyaye suka tsorata. Yawan yaran da ake kai wa allurar a Ingila ya faɗi zuwa kusan kashi 80 cikin 100, ƙyanda ta dawo. Daga baya wani ɗan jarida, Brian Deer, ya bi diddigi ya gano cewa abin da aka rubuta game da yaran bai yi daidai da abin da ke cikin takardunsu na asibiti ba. A 2010 mujallar ta janye binciken, aka kuma soke wa Wakefield lasisin aikin likita. Wani bincike da aka wallafa a 2019 a kan yara sama da 650,000 a ƙasar Denmak bai sami wata alaƙa ba tsakanin allurar da lalurar. Duk da haka, har yau jita-jitar na yawo a WhatsApp. Shekara 12 takardar ta yi kafin a janye ta, tsoron da ta shuka kuwa bai janyu ba.

Shi ma mai ƙirƙirar alƙaluma bai tsira ba, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2012 ƙungiyar likitocin sa barcin tiyata ta Japan ta tabbatar da cewa wani likita, Yoshitaka Fujii, ya ƙirƙiri bayanai a takardun bincike 172. Cikin abin da ya tona shi har da lissafin wani likita ɗan Ingila, John Carlisle, wanda ya nuna cewa alƙaluman sun yi tsaf fiye da yadda na mutane na gaske ke zuwa. Haka yake ga ɗalibi. Mutanen gaske sukan tsallake tambaya, su yi kuskure, wasu su ƙi mayar da takarda. Gogaggen malami na ganin amsoshi sumul kamar an goge da dutsen guga, ya san daga kai ɗaya suka fito. Ranar kare aiki kuma tambaya ɗaya ta isa: "Wane asibiti kika je, wa ya ba ki izini?"

Me ke kai yaranmu ga haka? Ba duka ne lalaci ba. Akwai rashin kuɗin zirga-zirga, akwai jinkirin farawa, akwai malamin da ɗalibai suka yi masa yawa har bai samun karanta aikin kowa. Ga shagunan kwamfuta na bakin makaranta da ke sayar da gamammen furojet, a canza suna da shekara kawai. Yanzu kuma ga manhajoji irin su ChatGPT, waɗanda kan iya ƙago sunan littafi da marubucin da ba su taɓa wanzuwa ba. Sai kuma mu iyaye, da ba mu da tambaya sai "Yaushe za ka gama?"

Ba sai kin yi boko mai zurfi ba kafin ki taimaka. In an kira ki a kan kuɗin furojet, ki ce a faɗa miki da Hausa abin da ake bincike a kai. Wanda ya yi aikin da kansa zai iya. Ki tambayi su wa za a yi wa tambayoyin, a ina, kuma yaushe. Ki nemi a rarrabe miki kuɗin: nawa ne na mota, nawa na buga takardu, nawa na ɗinke littafin. In kika ji "akwai wanda zai haɗa mini," to ki tsaya a nan, ki ce kuɗinki na zuwa fili ne, ba na saye ba. In hali ya yi, ki ba da kuɗin motar da wuri, domin ƙurewar lokaci ke jefa da yawa cikin algus.

Sannan ki kwantar masa da hankali a kan abu biyu. Na ɗaya, in ya raba takardu 200 aka dawo masa da 140, ya rubuta 140 ɗin, ya faɗi dalili. Ba abin kunya ba ne, haka bincike yake. Na biyu, in sakamakon ya saɓa wa abin da ya yi zato, wannan ma sakamako ne, ba a gyara shi don ya yi kyau.

Mai ƙananan yara, ke ma da ke nake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da kika karɓi fensir kika yi wa ɗan firamare aikin gida don kada malama ta ga kuskure, kin nuna masa cewa kyan takarda ya fi gaskiyarta. Haka ranar da aka biya wa yarinya kuɗin cibiyar da ake ba da amsa a jarrabawar WAEC ko NECO. Ki bar shi ya kai aikinsa da kuskurensa, a gyara masa.

Ɗalibar nan ta ɗakin masu ciki, ban kai ga yi mata faɗan ba. Na zaunar da ita na ba ta labarin takarduna goma, sannan muka je tare ta faɗa wa shugabar ɗakin abin da ya faru da bakinta. Na ce mata daga yau in ba ta auna ba, ta bar gurbin a buɗe, domin gurbi na sa a je a duba mara lafiya, lambar ƙarya kuwa na sa a wuce shi.

In kiran kuɗin furojet ya shigo wayarki a wannan zangon, ki tura, Allah ya sa albarka. Amma kafin ki tura, ki ce: "Zauna ka ba ni labarin binciken nan tukuna."