Kamfanin da ke riƙe da ƙarafunan sabis na China

Na daɗe ina ɗauka ƙarfen sabis ɗin da ke bayan layinmu a Agege na kamfanin waya ne, sai da na bi tarihin China Tower. A 2014 China Mobile da China Unicom da China Telecom suka kafa shi, don kowa ya daina dasa nasa ƙarfen gefen na wani, ana ɓarnar kuɗi da fili. A 2015 suka miƙa masa ƙarafunansu, suka koma biyan haya, alhali su ne masu kamfanin. Yau yana riƙe da sama da miliyan 2. Nan Najeriya ma, tun 2014 MTN ya fara miƙa nasa ga IHS.