Bindiga tana cin nama, tana kuma cin kunne

In an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, ciyawa ta bushe, sai maharban ƙasar Gaya su fara gyaran bindigoginsu. Daga Tanda zuwa Bana, daga Bengu zuwa Yelu, harbi tsohuwar sana'a ce. Da yawa sun gaje ta wurin iyaye. Wasu kuma manoma ne kawai, suna riƙe bindiga don korar birai da gyado daga gona, ko tsuntsaye daga fadamar shinkafa a bakin Kogin Kwara.

Akwai wani abu da aka saba gani ga tsofaffin maharba. In ana hira, sai su karkato da kai gefe guda. In jika ya yi magana, sai su ce: « Me ka ce? » In mutane sun yi yawa, kamar ranar kasuwa ko wurin suna, suna jin hayaniya amma ba su rarrabe kalmomi. Da dare kuma, in gari ya yi tsit, suna jin wani ƙugi cikin kunne kamar kukan gyare, alhali babu gyare a ɗakin.

Mutane sukan ce tsufa ne. Wasu su ce iska ce ta daji ta taɓa shi. Tsufa yana rage ji, gaskiya ne. Amma ga mai harbi, yawanci bindigarsa ce ta yi masa wannan aiki, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru.

Yadda ƙara take shiga kunne

Kunnen da ake gani a waje ƙofa ce kurum. Daga ciki akwai wata fata siririya, a ɗaure kamar fatar ganga. In sauti ya buge ta, sai ta girgiza. Bayanta akwai ƙasusuwa 3 ƙanana ƙwarai, su ne mafi ƙanƙanta a jikin mutum. Su suke miƙa girgizar zuwa can ciki, wani wuri mai kamar gidan katantanwa, cike da ruwa.

Cikin wannan gidan katantanwa akwai ƙwayoyi masu gashi siriri, wajen 15.000 a kowane kunne. Ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Su ne masu kai labarin sauti ga ƙwaƙwalwa.

Makiyayi zai gane misalin nan. In garke ya bi ta kan ciyawa sau ɗaya, ciyawar takan kwanta, bayan kwana biyu ta miƙe. In garken ya riƙa bin wurin kullum, sai wurin ya zama burtali, ƙasa tsirara. Haka ƙara mai ƙarfi take yi wa gashin nan. Bayan harbi ɗaya kunne yakan toshe, ya yi ƙugi, da safe ya buɗe, mutum ya ce ya warke. Amma wasu ƙwayoyin ba su tashi ba. Bambancin shi ne, burtali in an bar shi damina takan mai da ciyawa. Gashin kunnen ɗan Adam in ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu sassaƙe da yake mai da shi.

Ma'aunin ƙara

Kamar yadda ake auna hatsi da tiya, haka ake auna ƙara da wani ma'auni mai suna desibal. Hirar mutum biyu wajen desibal 60 ce. Masana lafiyar ma'aikata sun ce daga 85 ne ɓarna take farawa, in mutum ya wuni awa 8 cikin ƙarar. In ta kai 88, awa 4 ta isa. In ta kai 100, minti 15 kawai kunne yake iya ɗauka a yini.

Bindiga fa? Ko ƙaramar cikinsu tana kai wajen 140. Mai harsashi lamba 12, wadda maharba suka sani, tana wuce 150. Manyan bindigogi sukan wuce 160. Lissafin desibal ba kamar ƙidayar awaki ba ne: duk lokacin da aka ƙara 10, ƙarfin ƙarar ya ninka sau goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ƙara mai fashewa ta wuce 140 a kunnen babba, kada ta wuce 120 a kunnen yaro. Ke nan harbi ɗaya tak yana iya barin tabo. Bindigar maƙera da ake ɗura wa albarushi ita ma ba ta da sauƙi, balle in mai ita ya cika mata ciki don ta yi amo ranar salla.

Ga wani abin mamaki. Maharbin da yake ɗora bindiga a kafaɗar dama, kunnensa na hagu ne yake fara lalacewa. Dalili kuwa, in ya kwantar da kumatu yana saiti, kunnen dama yana ɓoye jikin kafaɗa, na hagu shi ne yake fuskantar bakin bindiga. Bahago kuma na damansa ne yake fara tafiya. Duk mai shakka, ya lura da gefen da tsohon maharbin garinsu yake juyowa in ana yi masa magana.

Abin da yake fara ɓacewa shi ne sauti siriri: kukan ƙananan tsuntsaye, muryar yara da ta mata, da haruffa irin su s da sh da f. Shi ya sa mutum yake jin ana magana amma bai san abin da aka ce ba. A gida sai a ce ya cika faɗa, ko ya raina mutane. Shi kuwa bai ji ba ne.

Me ya hana maharbi toshe kunne?

Maharbi yana da hujjarsa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Da kunne yake farauta. Da shi yake jin motsin zomo cikin ganye, da kiran zabin daji, da tashin fakara. Da shi yake jin haushin karensa, da fitar abokin tafiya. Da shi yake sanin cewa motsin da ke bayan kurmi ba nama ba ne, ɗan makiyayi ne da tumakinsa. Wanda ya cusa abu a kunne ya shiga daji, ya zama kurma da hannunsa, ga kuma bindiga ɗure. Wannan haɗari ne ga shi da waɗansu.

To amma wanda ya ƙi tsare kunnen, nan da shekara ashirin kurman zai zama, kuma wannan ba a cire shi a rataya.

Wannan matsala ba ta maharban Dandi kaɗai ba ce. Maharban Turai da Amurka da sojojinsu sun daɗe da ita. A Amurka, ƙugin kunne shi ne lahanin da tsofaffin sojoji suka fi karɓar diyya a kansa. A shekarar 2023 kamfanin 3M ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan dubu 6 ga sojojin da suka kai ƙara, suna cewa matoshin kunnen da aka ba su bai tsare su ba, ko da yake kamfanin bai amsa laifi ba. Wannan kuɗi yana nuna darajar da ake ba kunne a can.

Marfin kunne mai batir

Don warware wannan matsala aka ƙera wani marfin kunne mai aiki da lantarki. Kamarsa kamar ƙananan ƙoƙuna biyu, da baka mai bi ta saman kai. Bakin kowane ƙoƙo yana da matashi mai laushi da yake manne wa fata, ya rufe kunne ruf.

Ga yadda yake aiki. Ƙoƙon da kansa shi ne katanga: yana rage ƙarar da ke waje da desibal 20 zuwa 30, gwargwadon irinsa. A bayan ƙoƙon akwai ɗan makirfo mai ɗaukar sauti, a ciki kuma akwai ƴar lasifika kamar ta rediyo. Sauti mai sanyi, irin magana ko takun dabba, makirfon yakan ɗauka ya shigar da shi kunne. Akwai maɓallin ƙara murya, har mutum ya ji abin da kunnensa tsirara ba zai ji ba. Amma da bindiga ta tashi, na'urar takan hana ƙarar wucewa ta lasifika, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Da ƙarar ta wuce, sai ji ya komo. Kamar mai gadin ƙofa ne: yana barin baƙo ya shiga, yana tare ɓarawo.

Sunayen da aka fi sani su ne Peltor, wanda asalinsa ƙasar Suwidin ne, da Howard Leight, da Walker's. Wani samfurin Howard Leight mai suna Impact Sport ba ya barin sautin da yake shigarwa ya wuce desibal 82. Yana cin ƙananan batir 2, irin siraran nan na tocila, waɗanda ake kira pil. Akwai kuma ƙananan iri da ake cusawa cikin ramin kunne, wasu ana yi musu caji kamar wayar salula.

Abin yana da nasa aibu. Yana da tsada ga talaka, kuma ba hajar kasuwar ƙauye ba ce. Da bazara yana sa gumi. Ƙurar hunturu da ruwan sama ba sa shiri da shi, sai an goge an adana cikin jaka. In rawani ko hula ko ƙafar tabarau ta shiga ƙarƙashin matashin, an buɗe wa ƙara ƙofa. In ƙoƙon ya yi kauri, gindin bindiga yakan ture shi lokacin saiti, don haka maharba suka fi son mai faɗi marar tudu. Da farko ma mutum yakan rikice wajen gane inda sauti ya fito, sai ya saba. In batir ya mutu, katangar tana nan, sai dai mutum ba zai ji daji ba. Kuma ba magani ba ne: abin da ya saura yake tsarewa, ba ya mai da wanda ya tafi.

A yi hattara da jabu. Abin sauraren waƙa na salula, ko da ya rufe kunne duka, ba don bindiga aka yi shi ba. Na gaskiya yana da lambar da ke nuna yawan desibal ɗin da yake ragewa, a rubuce jikin kwalinsa.

Ƙungiyar maharba ta gari tana iya haɗa kuɗi ta sayi ɗaya ko biyu, a riƙa ba wanda zai fita, kamar yadda manoma suke tarayya a kan injin ban ruwa.

In babu mai batir

Akwai matoshi na soso, ɗan ƙarami kamar kan yatsa, mai araha. In an sa shi daidai, yana rage ƙara kamar marfin, wani lokaci ma ya fi. Sai dai yawancin mutane ba su iya sa shi ba. Ana murza shi da yatsu masu tsabta har ya zama siriri. A ɗaga ɗaya hannun ta bayan kai, a ja kunnen sama da baya, a cusa, a riƙe wajen daƙiƙa 30 har ya kumbura. In rabinsa yana leƙe waje, bai shiga ba.

Mai dakon nama a bakin ruwa, ko mai harbin korar tsuntsaye, ko ɗan bindigar bikin salla, duk sun san lokacin da za su harba. Suna iya rataya matoshin a wuya da zare, su sa kafin su ja kunama. Ga bindiga mai tsananin ƙara, ana haɗa biyun: soso a ciki, marfi a sama.

Auduga ba ta tsare komai sai ɗan kaɗan. Yatsa ya fi ta. Wanda ke tsaye kusa da mai harbi ya danna yatsunsa a kunne da ƙarfi, ya koma baya, kada ya tsaya gefen bakin bindiga. Yara kuwa a nisanta su. Yaron da yake rakiyar babansa daji yana ɗaukar jaka, shi ya fi kowa bukatar matoshin. Mai injin niƙa da mai zama kusa da janareto su ma abin ya shafe su.

Tsare kunne ba ya halatta harbin da doka ta hana. Dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, ta ce sai da takardar izini, kuma sai a lokacin da aka buɗe. Gandun daji na W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa, ba wurin harbi ba ne. Mai son bayani ya je wurin ma'aikatan gandun daji.

Yaushe za a je likita?

In bayan harbi kunne ya toshe ko ya yi ta ƙugi har ya kwana bai sake ba, kada a jira. In jini ko ruwa ya fito, ko mutum yana jin jiri, a tafi a ranar. Mai yiwuwa fatar gangar ce ta fashe. Sau da yawa takan haɗe da kanta cikin ƴan makonni, in ba a bar ruwa ya shiga ba. Saboda haka kada a ɗiga mai, kada a matsa ruwan ganye, kada a sosa da gashin kaza ko tsinken ashana, kuma a daina nutso a kogi sai likita ya duba. Ma'aikacin asibitin Gaya yana iya leƙa kunnen da fitila. In abin ya fi ƙarfinsa, shi zai rubuta takardar zuwa Dosso ko Yamai, inda ake gwada ji da na'ura, kunne ɗaya bayan ɗaya.